Shanyewar ɓarin jiki: Inda lokaci ke salwanta tsakanin Darki da gadon asibiti

Duk ranar Alhamis, Kasuwar Darki da ke Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano kan cika maƙil da fatake da dillalai da masu sayayya daga kusa da nesa. A ƙaddara cewa a irin wannan rana, da misalin ƙarfe 11 na safe, wani mai sayar da hatsi ɗan shekara 55 yana cikin awo sai kwano ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yunƙura zai kira yaronsa, harshe ya yi nauyi, baki ya karkace, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

Abin da zai biyo baya sananne ne. Maƙwabtan rumfa za su kwantar da shi a inuwa, wani ya yi masa fifita, wani ya yayyafa masa ruwa, wani ya ɗura masa a baki. Za a kira mai kemis ya auna jini ya ce ya hau. Daga nan a kai shi gida, a jira babban wa ko babban ɗa ya iso a yi shawara. Idan aka yi sa'a, washegari a nufi asibiti.

Duk wanda ya sa hannu a wannan hidima da kyakkyawar niyya ya yi. Amma a ma'aunin likitoci, kafin la'asar ta ranar an riga an rasa damar da ta fi kowace tsada wajen ceto mutumin. Hausawa kan ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A ciwon shanyewar ɓarin jiki, daɗewar ita ce asarar.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci ko iska. Da abin da jini ya kawo mata a kowane bugu na zuciya take rayuwa. Idan jini ya yanke wa wani sashe nata, ƙwayoyin wurin kan fara mutuwa cikin 'yan mintuna, kuma gaɓar da sashen ke sarrafawa ta daina aiki. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane nan ne cibiyar magana take. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya mutu sau da yawa magana ma kan gagare shi.

Ta hanya biyu jini ke yankewa. Ta farko, gudan jini ya toshe jijiya. Ta biyu, jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A ido, alamomin duka biyun kusan ɗaya ne, amma maganinsu ya saɓa ƙwarai. Abin da ke narkar da gudan jini zai iya hallaka wanda jijiyarsa ta fashe. Babu likitan da zai iya rarrabe su da tabbaci sai da hoton ƙwaƙwalwa, wanda galibi na'urar CT ke ɗauka.

Wannan bambanci yana da nauyi na musamman a Afirka ta Yamma. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya fitar da sakamako a 2018 kan majinyata 2,118. Kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku, adadin da ya ninka abin da ake gani a Turai da Amurka. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, shekarun da magidanci ke ɗauke da nauyin gida da shago ko ofis. Binciken ya kuma nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo ciwon.

A duniya baki ɗaya, Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 12 ke kamuwa a kowace shekara, kuma ɗaya cikin kowane mutum huɗu da suka haura shekara 25 zai gamu da ciwon a rayuwarsa.

Alamomi uku da agogo

A Ingila, a 1998, likitoci da ma'aikatan motar asibiti suka tsara gwaji mai sauƙi da ake kira FAST, wanda kowa zai iya yi cikin minti guda. Abu huɗu ya ƙunsa: fuska, hannu, magana, lokaci.

A ce wa mutum ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa, a duba ko baki ya karkace gefe guda. A ce ya ɗaga hannayensa biyu, a duba ko ɗaya ya gaza ɗaguwa ko yana sulalewa ƙasa. A ce ya faɗi sunansa da na garinsu, a saurara ko harshe ya yi nauyi, ko yana faɗin abin da ba a fahimta, ko shi ne bai fahimci tambayar ba. Idan ko ɗaya daga cikin ukun ta bayyana farat ɗaya, a dubi agogo a riƙe lokacin, a nemi mota.

Akwai wasu alamomin: ɗaukewar gani kwatsam, jiri mai hana tsayuwa, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Akwai kuma wanda alamomin kan zo masa su wuce cikin mintuna, ya miƙe ya ci gaba da harkokinsa. Wannan gargaɗi ne. Jijiyar ta toshe ta buɗe, kuma haɗarin ta sake toshewa gaba ɗaya ya fi yawa a kwanaki biyun farko. Shi ma asibiti ya kamata ya kwana.

Dalilin awa 4 da rabi

Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin da jini ya yanke wa kan mutu da wuri. Amma kewayensa akwai sashen da ke samun ɗan jini ta ƙananan hanyoyi, ya suma bai mutu ba. Wannan sashe ake tseren cetowa. A 2006, likitan ƙwaƙwalwa Jeffrey Saver na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya lissafa cewa idan babbar jijiya ta toshe, mutum kan rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti, wato wajen miliyan 120 a awa guda. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa.

A 1995 wani babban gwaji a Amurka ya tabbatar da cewa allurar alteplase, mai narkar da gudan jini, tana rage naƙasa idan aka yi ta cikin awa 3 da fara ciwon. A 2008 wani gwajin a Turai ya nuna tana da amfani har zuwa awa 4 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a jerin muhimman magunguna a 2019. Ko a cikin wannan wa'adi, wanda aka yi wa a awar farko ya fi wanda aka yi wa a ta huɗu samun sauƙi. Bayan wa'adin kuwa, haɗarin ta jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa kan rinjayi amfaninta.

Daga 2015 aka tabbatar da wata hanyar, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa ƙwaƙwalwa a zaro gudan jinin. Gwaje-gwajen 2018 sun nuna cewa wasu zaɓaɓɓun majinyata kan amfana da ita har zuwa awa 24. Sai dai aiki ne mai buƙatar ƙwararru da kayan aiki masu tsada, waɗanda cibiyoyi ƙalilan ke da su a nahiyar Afirka.

Ke nan ga mai hatsin Darki, wanda ciwo ya kama da ƙarfe 11 na safe, ƙofar allura za ta rufe da ƙarfe 3 da rabi na yamma. Kafin lokacin dole ya isa asibitin da ke da na'urar CT, a ɗauki hoton, likita ya karanta, a auna jini da suga, a shawo kan hawan jinin idan ya wuce kima, a samo maganin, a biya.

Wurare uku da lokaci ke zubewa

Darki ba ta da nisan da zai hana hakan. Wudil na da tazarar kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, Darki kuma tana gaba kaɗan a kan hanyar Takai da Birnin Kudu. Idan hanya ta yi kyau, mota kan isa birni cikin awa guda da 'yan mintuna. Lokacin a wurare uku yake zubewa.

Na farko, kuma mafi girma, shi ne gida. Jama'a da dama na danganta ciwon da shafar iska ko sammu, don haka akan fara da hayaƙi da shafe-shafe da ƙaho. Wasu kuma na ganin ciwo ne da asibiti ba ta da maganinsa. Ga kuma al'adar jiran mai faɗa a ji a dangi, da tsoron kuɗin da za a kashe. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota. Abin da ke cutarwa shi ne ɗura wa majinyaci ruwa ko rubutu ko kunu. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama kan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko, abin da aka ba su ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama nimoniya. Wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su a makon farko. Haka nan ba a ba da asfirin kafin hoto, domin idan fashewa ce zai ƙara zubar jinin.

Na biyu shi ne hanya. Mafi yawan majinyata a motar haya ko ta maƙwabci ko A-daidaita-sahu suke isa asibiti. Akan bi mataki-mataki: kemis, ƙaramin asibiti, babban asibiti, sannan asibitin koyarwa, kuma a kowane zango sai an yanki kati an jira. Ranar Juma'a, da Kasuwar Kara ta Wudil ke ci, tsallake gari da gada kaɗai na iya cin lokaci mai yawa, kafin a tarar da cunkoson Mariri da Hotoro.

Na uku shi ne ƙofar asibiti. A tsarin da aka saba a asibitocin ƙasar nan, sai an buɗe fayil, an biya kuɗin hoto a wani wurin, an kawo rasit, an nemo mai tura keke, an jira layi, sannan an jira mai karanta hoton. Idan da dare ne ko ƙarshen mako, ko wuta ta ɗauke, jiran ya ƙaru. Kowane mataki da dalilinsa, amma idan aka tara su sukan cinye abin da ya rage na wa'adin.

Aikin asibitin da ya fi kusa

Na'urar CT galibi a manyan asibitocin birni take. Wannan bai sa asibitin da ke kusa ya zama mara amfani ba. Cibiyar lafiya a matakin farko ko babban asibitin ƙaramar hukuma, irin na Wudil, na da ayyuka da za a iya kammalawa cikin minti 10 zuwa 15, kuma suna da tasiri.

A auna suga da ɗigon jinin yatsa, domin faɗuwar suga na kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki, kuma ana gyara ta nan take. A tabbatar numfashi na tafiya daidai, a kwantar da wanda hankalinsa ya gushe a kan gefensa. A sa masa layin ƙarin ruwa. A tambayi waɗanda suka kawo shi yaushe aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau, a rubuta lokacin ɓaro-ɓaro a takardar turawa. Wanda ya farka daga barci da ciwon, daga lokacin da ya kwanta ake lissafi. A rubuta magungunan da yake sha, musamman masu tsinka jini.

Sai abin da ba a yi. Ba a gaggauta saukar da hawan jini da ƙwaya a ƙarƙashin harshe. A awannin farko na toshewar jijiya, jiki kan ɗaga bugun jini ne domin ya tura shi ga sashen da ya suma, kuma saukar da shi farat ɗaya na iya ƙarasa wurin. Ƙa'idar likitoci ita ce, kafin a san nau'in ciwon, a yi hattara da taɓa shi sai idan ya kai wajen 220 bisa 120. Ba a kuma riƙe majinyaci a ce a ga yadda zai kwana.

Na ƙarshe, kiran waya. Ma'aikacin lafiya ya kira sashen gaggawa na asibitin da za a tura majinyacin, ya tabbatar na'urarsu na aiki a ranar, ya sanar da su lokacin da za a iso. Kiran minti biyu na iya hana iyali yawo daga wannan asibiti zuwa wancan da mara lafiya a bayan mota.

Darasin Helsinki

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa cikin minti 20 zuwa 25 da shigowar majinyaci, a yi masa allura kafin minti 60. Babban asibitin jami'ar Helsinki a ƙasar Finland ya nuna ana iya yin abin da ya fi haka. A 1998, matsakaicin lokacin da suke ɗauka daga ƙofa zuwa allura minti 105 ne. Zuwa 2011 ya koma minti 20.

Maganin bai sauya ba a tsawon waɗannan shekaru. Tsarin aiki suka yi wa garambawul. Ma'aikatan motar asibiti kan kira likitan ƙwaƙwalwa tun suna hanya. Ana buɗe fayil da neman hoto kafin majinyaci ya iso. An matso da na'urar CT kusa da sashen gaggawa. Daga mota kai-tsaye ake wucewa da shi kan na'urar, likita ya duba shi a can, ya karanta hoton da kansa, a yi allurar a wurin. Wani asibiti a Melbourne ta Ostareliya ya kwaikwayi tsarin, cikin 'yan watanni ya rage nasa lokacin sosai.

Finland ƙasa ce mai arziki, amma yawancin matakan nan shawara ce ta shugabannin asibiti. Kowane babban asibiti a Kano zai iya ware lambar waya guda da ke hannun likitan da ke bakin aiki dare da rana. Zai iya yin doka cewa wanda ake zargin ɓarin jikinsa ya shanye shi ne farko a layin hoto, kuma a ɗauka kafin a yi maganar rasit. Zai iya rataya takarda guda a bango mai nuna wa kowane ma'aikaci aikinsa. Zai iya kuma rubuta lokacin isowa da lokacin hoto na kowane majinyaci, a zauna duk wata a duba. Asibitin da bai san minti nawa yake ɗauka ba, ba zai san ta inda zai rage ba.

Wanda ya makara fa?

Gaskiyar magana, ko da an gyara komai, mafi yawan majinyata ba za su sami allurar ba. Wasu sun makara, wasu fashewar jijiya ce, wasu kuɗin ya fi ƙarfinsu. A nan ne ingancin jinya ke shigowa, kuma hujjojin da ke kansa na da ƙarfi.

Shekaru da dama na bincike sun tabbatar da cewa majinyatan da aka tara a ɗaki guda na musamman, ƙarƙashin ma'aikatan jinya da likitoci da masu gashin ƙashi da suka saba da ciwon, sun fi waɗanda aka warwatsa a ɗakunan gama-gari rayuwa da komawa gida da ƙafafunsu. Irin wannan ɗaki gadaje kaɗan ne da ma'aikata masu horo da ƙa'idojin aiki a rubuce. Asibitin Koyarwa na Korle Bu da ke Accra ya buɗe nasa a 2014, bayan shekaru na haɗin gwiwa da ma'aikatan lafiya daga yankin Wessex na Ingila.

A 2011 aka wallafa sakamakon wani gwaji a asibitoci 19 na jihar New South Wales ta Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin farfesar aikin jinya Sandy Middleton. Abu uku kawai aka ɗora wa ma'aikatan jinya a kwanaki ukun farko: auna zafin jiki a kai a kai da saukar da zazzaɓi, lura da suga, da gwada haɗiya kafin a ba majinyaci komai ta baki. Bayan kwana 90, adadin waɗanda suka mutu ko suka zama sai an yi musu komai ya ragu da kusan 16 a cikin kowane 100.

Ga masu fashewar jijiya, waɗanda suka yawaita a wannan yanki, gwajin INTERACT3 da aka wallafa a 2023 ya kawo bushara. An yi shi kan majinyata sama da 7,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya. Ya nuna cewa saukar da hawan jini cikin awa guda bayan hoto ya tabbatar da fashewa, tare da daidaita suga, kashe zazzaɓi da warware tasirin magungunan tsinka jini, na rage mutuwa da naƙasa. Ga masu toshewa kuma, asfirin da aka fara cikin awa 48 bayan hoto na rage haɗarin maimaituwar ciwon, kamar yadda manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna tun 1997.

A haɗa da juya majinyaci duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, ciyar da wanda ba ya iya haɗiya ta bututun hanci, da fara motsa gaɓoɓi da zarar ya daidaita. Ma'aunin zafi, na'urar auna suga, farasitamol, cokali da kofin ruwa don gwajin haɗiya: babu wanda ya fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma. Saboda haka ko kwana ya riga ya wuce, zuwa asibiti bai zama aikin banza ba.

Kuɗi da doka

Tsoron kuɗi na daga cikin abubuwan da ke zaunar da iyali a gida. Hoton CT kaɗai kan ci dubban nairori masu yawa, allurar narkar da gudan jini kuwa ta fi ƙarfin yawancin magidanta. Amma akwai tanadin doka da ya kamata jama'a su sani.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, ta ware kashi 5 cikin 100 nasa domin agajin gaggawa. A kan wannan ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin NEMSAS a 2022, wanda manufarsa ita ce samar da motar asibiti da ɗaukar nauyin jinyar awa 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin. Akwai kuma lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112.

Ma'aikatan gwamnatin Kano na ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, na tarayya kuma na ƙarƙashin NHIA. Yana da kyau ma'aikaci ya bincika tun yana lafiya abin da katinsa ya ƙunsa game da hoton ƙwaƙwalwa da kwanciya, iyalinsa kuma su san inda katin yake. 'Yan kasuwa, waɗanda akasarinsu daga aljihu suke biya, na iya shiga tsarin ta ƙungiyoyinsu, ko su ware wani kaso na asusun ƙungiya domin hoto da mota kaɗai, a biya nan take a yi lissafi daga baya.

Kano ta taɓa gwadawa

Masu ganin irin wannan gyara sai Turai na iya duba abin da aka yi a Kano kan yara masu ciwon sikila, waɗanda shanyewar ɓarin jiki kan kama tun suna ƙanana. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da takwarorinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi amfani da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa wajen gano yaran da ke cikin haɗari. Gwajinsu na SPRING, kan yara 220, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin hydroxyurea na ba da kariya. An horar da ma'aikata, an buɗe wuraren gwaji a asibitocin jiha, an duba dubban yara. Tsari da horo da bibiya suka yi wannan aiki, kuma su ne abin da sashen gaggawa ke buƙata.

Haka kuma Kano na ɗaya daga cikin jihohi biyu, tare da Ogun, da aka fara shirin shawo kan hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko a 2020. Wannan ya dace da abin da binciken SIREN ya gano. Hawan jini ba ya ciwo, ba ya sanarwa. Duk wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban na buƙatar ganin likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani ba ya dainawa don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali guda, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne.

Abin da kasuwa da ofis za su iya yi

Kasuwa na da shugabanci, tasha na da 'yan yuniyon, ofis na da shugaban ma'aikata. Shugabannin Kasuwar Darki, ko na Kwari da Singa da Dawanau, na iya koya wa 'yan kwamitinsu gwajin fuska da hannu da magana cikin rabin awa. Suna iya yarjejeniya da direbobi biyu ko uku da za a kira a kowace ranar kasuwa, su ajiye lambar jami'in lafiya mafi kusa, su kuma gayyaci ma'aikatan lafiya su riƙa auna jini a wata rumfa. Limamai da masu unguwanni na da bakin da za su gaya wa jama'a cewa wannan ciwo na jijiyar jini ne, kuma yana da wa'adi. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara, wadda duniya ta keɓe domin wayar da kai kan ciwon, dama ce ta fara hakan.

A koma ga mai hatsin. Kwano ya faɗi da ƙarfe 11. Maƙwabcinsa ya ce, "Alhaji, ɗaga hannuwanka," ya ga na dama ya sulale, ya dubi wayarsa ya riƙe lokacin. Ba a ba shi ruwa ba. Kafin 11 da rabi an auna sugansa, an rubuta takarda, an kira Kano. An sanar da babban ɗansa ta waya cewa ya tarye su a asibiti. Kafin ƙarfe 1 yana kan na'urar hoto. Ko hoton ya nuna toshewa ko fashewa, likitoci na da sauran lokaci a hannunsu, kuma suna da abin da za su yi da shi.

Rai da ajali na hannun Allah. Abin da ke hannun mutane shi ne awannin da ke tsakanin faɗuwar kwanon da isa gadon asibiti, kuma su ne sukan bambanta wanda zai koma rumfarsa da wanda iyali za su yi shekaru suna juyawa a kan tabarma.